Mabiyana 38,000 ne, amma 212 kaɗai suka biyo ni wasiƙar imel: in sayi adireshi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Shekara shida ke nan ina rubutu a wani dandalin sada zumunta kan yadda masu ƙaramar sana'a za su riƙa ajiye lissafinsu. Mabiyana sun kai 38,000. Kwanakin baya aka rufe mini shafi har kwana tara, ban san laifina ba, kuma a kwanakin nan ko mutum ɗaya ban iya kai wa saƙo ba. Da aka buɗe sai na fara wasiƙar imel ta mako-mako. Yau sati biyar ke nan, mutum 212 kawai suka yi rajista. Wallahi hankalina a tashe yake. Wani ya ce yana da manhajar da za ta ciro mini imel ɗin mabiyana gaba ɗaya, zai kuma ƙara mini da wasu 20,000 da ke hannunsa, in loda su kawai. Ya ce tunda su suka bi ni da kansu, ai sun yarda ke nan. In karɓa? In ba haka ba, yaya zan yi kafin a sake rufe ni?

AMSA

Wa alaikis salam, Malama. Kada ki karɓa, ko da kyauta ya ba ki. Zan daɗe a kan dalili, don a nan haɗarin yake, amma bari in fara da tashin hankalinki, domin yana da tushe.

Kwana taran nan sun nuna miki abin da mutane ba sa yarda da shi sai ya same su: mabiyan nan a littafin kamfanin suke, ke kuwa zaman haya kike yi. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke na kusan awa shida, duk wanda cinikinsa ke rataye a kansu ya zauna jugum. Google ya rufe Google+ a Afrilun 2019. A Janairun 2018 Facebook ya sanar cewa zai fifita rubutun 'yan'uwa da abokai a kan na shafuka, masu shafuka suka wayi gari muryarsu ta ragu ba tare da sun yi komai ba. Kamfanonin aika wasiƙa ma suna mutuwa: Twitter ya sayi Revue a Janairun 2021, ya rufe shi a Janairun 2023. Sai dai marubutan Revue sun sauke adireshin masu karatunsu sun kwashe zuwa wani kamfani, suka ci gaba da aiki. Mai mabiya a dandali ba shi da wannan damar. Don haka ƙaurar da kika fara daidai ce.

Kuma ki daina auna 212 da 38,000. A cikin mabiyan akwai waɗanda suka watsar da shafinsu shekaru, akwai waɗanda suka bi ki don rubutu ɗaya suka manta da ke, akwai shafukan bogi. Buɗe ƙididdigar shafinki ki ga mutum nawa ne suka ga rubutunki goma na ƙarshe. Da wannan adadin za ki auna. Za ki tarar 212 a sati biyar ba abin kuka ba ne.

To, mu zo ga mutumin nan naki. Kusan kullum sai an kawo mini maganarsa, sunansa ne kawai ke canjawa, kuma na gaji da ganin mutanen kirki suna rushe aikin shekaru a yini ɗaya saboda irinsa.

Manyan dandamali ba sa ba mai shafi imel ɗin mabiyansa. Ko LinkedIn, da ke bari ki sauke sunayen abokan hulɗarki, imel ɗin wanda ya ba da izini kaɗai yake haɗawa. To daga ina manhajar tasa za ta ciro su? Ko dai ta bi shafukan mutane tana tsintar abin da suka bari a fili, ko ta haɗa suna da wasiƙa ta kintace, ko kuma ya ɗauko tsohon jeri da aka sato daga wani kamfani da aka yi wa kutse ya ce miki naki ne. Tsintar bayanai da manhaja ya saɓa wa dokar dandalin kansa, kuma sau da yawa sai kin ba manhajar kalmar sirrinki kafin ta yi aiki. Kina gudun a rufe ki na kwana tara, sai ki jawo a rufe ki har abada, ko ki miƙa shafin ga ɓarawo da hannunki.

Sai maganarsa cewa wanda ya bi ki ya yarda. Ya yarda da me? Ya yarda ya ga rubutunki idan yana wucewa, a wurin da shi ya zaɓa. Don mutum ya tsaya ya saurare ki a bakin hanya, bai ce ki biyo shi ɗaki ba. Akwatin imel wuri ne da mutum ke ajiye saƙon banki da na wurin aiki da na asibiti, kuma idan ya ga baƙon suna a ciki, ba ya tsayawa tuna ko ya taɓa bin ki a wani wuri shekara uku da suka wuce. Maɓallin da ke tura saƙo akwatin tarkace, wato spam, yake dannawa. Wasu 20,000 ɗin da za a ƙara miki kuwa ko sunanki ba su taɓa ji ba, kuma ki tabbata ba ke kaɗai aka sayar wa su ba.

Ga abin da ke faruwa daga lokacin da kika danna aikawa. Wani kaso na adireshin ya mutu tuntuni, saƙonki zai dawo, kuma Gmail da Yahoo da Outlook suna lura da mai aikawa da saƙonsa ke yawan dawowa, don alama ce ta wanda bai san mutanen da yake rubuta wa ba. A cikin jerin kuma akwai adireshin tarko. Kamfanonin imel da ƙungiyoyin yaƙi da saƙon tarkace irin Spamhaus suna shuka adireshin da ba na kowa ba a intanet, ko su farfaɗo da wanda aka daɗe da watsarwa, don kawai su kama masu tsince-tsince. Babu mutum a bayan adireshin, don haka babu yadda za a yi ya yi rajista. Saƙonki na shiga, kin shaidi kanki. Ba za ki iya gane su da ido ba, kuma masu tallan cewa za su tsaftace miki jeri ba sa iya fitar da su duka.

Sannan ƙorafin mutane. Tun Fabrairun 2024 Google ya gindaya wa masu aika saƙo sharaɗi: ƙorafin tarkace kada ya kai kashi 0.3 cikin 100, ya kuma ba da shawarar a zauna ƙasa da 0.1. Ke mai lissafi ce, ki buga da kanki. Mutum 3 ne a cikin 1,000. Idan saƙonki ya isa akwati 20,000, mutum 60 kacal sun isa su kai ki iyaka. A jerin baƙi da ba su san ki ba, 60 ɗin kafin azahar za su cika.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ke biyan kuɗin. Hukuncin a kan sunanki yake sauka, wato domen ɗin da kike aikawa da shi (sunan da ke bayan alamar @ a adireshinki), kuma daga ranar duk wasiƙar da ta fito daga gare ki abin zargi ce. Mutum 212 nan da suka rubuta adireshinsu da hannunsu, suna jiran ki kowane mako, su ne za su daina ganin ki. Na taɓa zama da wani bawan Allah da ya loda irin wannan jeri sau ɗaya tak. Muka buɗe Postmaster Tools na Google, shafin da ke nuna yadda Gmail ke kallon mai aika saƙo, muka ga darajar domen ɗinsa ta faɗi ƙasa warwas. Ya ciro wayarsa ya nuna mini saƙon wani abokin cinikinsa da ke tambayar me ya sa har yau bai turo takardar kuɗi ba, alhali ya tura sau uku, duk suna kwance a akwatin tarkace. Watanni muka yi muna aika wa ɗan ƙaramin rukuni na masu buɗewa kafin abin ya fara daidaita. Wanda ya sayar masa da jerin ya daɗe da daina ɗaga waya.

Kamfanin da kike aikawa ta hannunsa ma ba zai bari ba. Mailchimp, ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni, ya rubuta a sharuɗɗansa cewa ba a amfani da jerin da aka saya ko aka yi haya ko aka tsinto, kuma takwarorinsa haka suke, domin dubban masu aikawa ne ke tarayya a na'urorinsu, ɓarnar mutum ɗaya tana shafar kowa. Suna ganin saƙonni na dawowa da yawa za su dakatar da asusunki su tambaye ki hujjar izini. Doka ma na nan: GDPR, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, tana bukatar izinin da mutum ya bayar a fili kuma za ki iya nuna shaidarsa, dokar CAN-SPAM ta Amurka ta 2003 kuma ta ɗauki tsintar adireshi da manhaja a matsayin abin da ke ƙara wa laifi nauyi. Ƙasashe da dama yanzu suna da tasu dokar kare bayanai, sai ki duba ta inda kike da ta inda masu karatunki suke.

Na san abin da zai ce miki gaba: ki aika musu saƙo ɗaya kawai na neman izini. Wannan saƙo ɗayan shi ne saƙon da ba a nema ba, kuma tarko ba ya karanta abin da kika rubuta a ciki. Ko ya ce ki aika daga Gmail ɗinki na kanki, kaɗan-kaɗan. Asusun kyauta yana tsayawa a mutum 500 a rana, babu maɓallin ficewa, kuma ranar da kika yi kuskure kika sa adireshin a inda kowa ke gani, kin tona asirin mutane ga junansu.

Hanyar da ke aiki tana da jinkiri, amma ba ta da wuya. Ki rubuta wa mabiyanki labarin kwana taran nan kamar yadda kika rubuta mini, da tashin hankalin da komai, ki ce musu ga inda za su same ki ko da an sake rufewa. Wannan ya fi duk wani talla ƙarfi, domin gaskiya ne. Ki faɗi ainihin abin da za su samu da ranar da za su same shi, misali darasi ɗaya na lissafi kowace Asabar, da amsar tambaya ɗaya. Cewa a yi rajista don samun labarai ba ya motsa kowa. Ki ba wanda ya shigo abin da ya shafi aikinki, kamar takardar rubuta shiga da fita ta wata guda da zai fara amfani da ita a ranar. Ki guji gasar cin kyauta, don masu neman kyauta take tarowa, su kuma gobe su ne masu ƙorafi.

Kada ki ji kunyar maimaitawa. Kowane rubutu wani ɗan yanki na mabiyanki ne ke ganinsa, don haka abin da kike ganin kin faɗa sau goma, wani yau zai fara ji. Ki sa linkin a bayanin shafinki, ki kafe rubutun a sama, ki ƙara layi ɗaya a ƙarshen duk darasin da ya karɓu. Dandamali ba sa murna da abin da ke fitar musu da mutane, har Twitter ya taɓa takura wa linkin Substack, wani kamfanin aika wasiƙa, a Afrilun 2023, don haka ki sa darasin ya tsaya da ƙafarsa a shafin, cikakken misalin da takardar su kasance a wasiƙa. Waɗanda ke aiko miki tambaya ta saƙon sirri su ne suka fi kusa da rajista: ki amsa musu, sannan ki ba su linkin. Fom ɗin ya nemi imel kaɗai, ki kuma gwada shi da wayarki daga cikin manhajar dandalin, don na sha ganin fom da ke aiki a kwamfuta ya ƙi buɗewa a waya, mai shi na ta zargin mabiya.

Ki kunna saƙon tabbatarwa, wanda mutum zai danna kafin ya shiga jeri. Adadin zai ɗan ragu, amma shi ne shaidarki ta izini, yana kuma tare adireshin da aka rubuta da kuskure. A wasiƙar maraba ki yi tambaya ɗaya ki nemi a amsa miki, domin amsa tana nuna wa kamfanonin imel cewa ana son saƙonki. Idan da domen ɗinki kike aikawa, ki saita SPF da DKIM da DMARC, saitunan da ke tabbatar wa kamfanonin imel cewa daga gare ki saƙon ya fito. Kada ki dogara da adadin buɗewa, tun 2021 manhajar Mail ta Apple ke lodo saƙo da kanta ya zama kamar an buɗe. Dannawa da amsawa za ki duba. Kowane wata ki sauke jerinki a fayil ɗin CSV, wato jadawalin adireshin, ki ajiye a wuri biyu. Shafin kuma kada ki bar shi, ta can sababbi ke fara ganin ki.

Idan kin riga kin ba mutumin nan kalmar sirrinki, ko kin haɗa manhajarsa da shafinki don gwaji, ki canja kalmar yau ɗin nan, ki shiga saituna ki cire duk manhajar da ba ki sani ba, ki fitar da duk na'urar da ke shige a asusun, sannan ki kunna tabbatarwa ta mataki biyu.