Amsa ga mai tambaya kan karatun sadarwar kwamfuta a jami'a

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka ƙware a fannin sadarwar kwamfuta, ko kuwa ka bi sahun abokanka zuwa rubuta manhaja. Na daɗe ina wannan aiki, kuma shawarata ita ce ka zaɓi fannin sadarwar muddin kana da haƙurin bin matsala daki-daki har ka gano bakin zarenta, domin mafi yawan aikin ke nan.

Jami'a za ta ba ka tushe mai kyau: matakai 7 na tsarin OSI mai bayyana yadda saƙo ke tafiya tsakanin na'urori, da ƙa'idar TCP/IP da intanet ke aiki da ita, wadda ARPANET, sadarwar da ta zama tushen intanet, ta koma kanta a 1983, da lissafin rarraba adireshi. Kada ka yi wasa da wannan lissafi ko kaɗan. Adireshin IPv4, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, kusan biliyan 4.3 ne kacal, babbar ma'ajiyarsa ta duniya kuma ta ƙare tun 2011, shi ya sa ake tattalinsa, ake kuma neman wanda ya iya IPv6, sabon tsarin adireshin da ke maye gurbinsa.

Sai dai allo ba zai koya maka komai da komai ba. Ranar da aka kira ka ofis aka ce intanet ta ɗauke, kowa ya zuba maka ido, sau da yawa za ka tarar laifin ƙarami ne: an ja waya ta zarce mita 100 da aka ƙayyade mata, ko an matse kan RJ45, wato bakin wayar da ake sokawa a na'ura, ba tare da jera siraran wayoyinsa 8 daidai ba, ko kuma na'urori biyu sun yi karo a kan adireshi ɗaya. Wanda bai taɓa riƙe waya da hannunsa ba zai wuni yana zargin rauta, na'urar da ke haɗa ofis da intanet. Saboda haka ka sauke manhajar Packet Tracer ta kwaikwayon sadarwa da Wireshark ta bin diddigin saƙonni tun yanzu, ka gina sadarwa, ka ɓata ta da gangan, ka gyara. Idan lokacin SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, ya zo, ka nemi kamfanin da ke raba intanet, ko da ba a biyan ko sisi, maimakon ofishin da za a zaunar da kai kana buga takardu.

Game da CCNA, jarrabawar ƙwarewa a sadarwa ta kamfanin Cisco da ka ambata, ka yi ta kafin ka kammala digiri idan da hali, amma da fahimta, ba da hadda ba. Kada kuma ka yi watsi da tsarin gudanar da kwamfuta na Linux da harshen rubuta manhaja na Python, domin yanzu da su ake sarrafa na'urori masu yawa a lokaci guda.