Ku Tambaya: Tasha da Gari a Kan Tebur

Tambaya: Assalamu alaikum. An kawo mini tsarabar ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, an rubuta HO a jikin kwalinsa. Na yi masa ɗakuna biyu da kwali, sai suka fi ƙarfin jirgin, bangon kuma ya lanƙwashe da na shafa fenti. Ina gyaran yake? Daga mai karatu a Tudun Wada.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, da ido ka yi awo, ga rula tana nan. Ma'anar HO ita ce an rage girman komai sau 87. Ka auna abin gaske da milimita ka raba da 87. Ƙofa mai tsawon mita 2 za ta dawo milimita 23, bango mai mita 3 ya dawo 34, babban mutum kuwa kusan 20. Ka yanki ɗan mutum na kwali mai santimita 2 ka riƙa tsayar da shi a bakin duk abin da kake ginawa, shi ne alƙalinka.

Lanƙwashewa kuma daga ruwa ne. Fuskar da ta sha fenti tana kumbura, in ta bushe ta tsuke ta ja ɗayar. Maganinsa ka haɗa kwali mai tauri biyu da farin gam irin na kafintoci, ka danne da littattafai ya kwana, sannan ka yanka. Ƙofa da taga a huda su tun bangon yana kwance, da sabuwar reza, a bi layi sau uku ko huɗu a hankali maimakon a danna sau ɗaya. Daga ciki ka liƙa tsinken tsire a kowace kusurwa da kuma tsakiyar bango, fenti kuma a shafa ciki da waje.

In ginin ƙasa kake so, dama cokali biyu na garin POP (farin garin da ake yin silin da shi) da cokali ɗaya na tankaɗaɗɗiyar jar ƙasa, ka sa ɗan gam da ruwa, ka shafe bangon da yatsa. Kada ka gyara shi sumul. Ka rage kaifin kusurwa, ka ɗora zankwaye da kan ashana. Rufin kwano shi ne ya fi cin lokaci. Samo farantin alminiyum na zuba abinci, ka baje shi a kan tsumma, ka ja layuka da biron da tawadarsa ta ƙare, tazarar milimita ɗaya-ɗaya. Yanka shi falle-falle, tsawon milimita 28, ka jera daga ƙasa zuwa sama kowanne yana hawa kan na baya. Kwano mai ƙyalli ƙarya ne, leƙa rufin tsofaffin unguwanni ka gani. A fara da fenti ruwan toka, a ɗiga fenti ruwan ƙasa-ƙasa a bakin kowane falle, a ja shi ƙasa da busasshen buroshi yadda tsatsa ke bin ruwan sama.

Abu ɗaya da masu ido za su lura: faɗin dogonka milimita 16.5 ne, wato yana wakiltar dogon gaske mai faɗin milimita 1,435, irin na Rigasa (Kaduna) zuwa Idu (Abuja) da aka buɗe a 2016. Tsohon layin da ya ratsa Kaduna ya isa Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, wanda a wannan ma'auni yake bukatar dogo mai milimita 12. A ganinmu wannan bai isa ya hana ka gina tsohuwar tasha ba.

Tambaya: Na yi tsauni da siminti a kan katako, ya yi nauyi ya kuma tsattsage. Me ya kamata in yi amfani da shi? Daga Kawo.

Amsa: Siminti na magina ne, ka bar musu. Tsauni a nan ƙoƙo ne da aka kife, cikinsa wayam. Dunƙule tsofaffin jaridu ka ɗaure su da salatif su ba da siffa, ko ka sassaƙa farin soson da ke zuwa cikin kwalin talabijin. Dama POP da ruwa-ruwa, gwangwani ɗaya na gari ga ɗaya na ruwa, kuma garin ake barbaɗawa cikin ruwan. Tsoma yankakken tsumma ka shimfiɗa, ninki biyu ya isa. Kada ka dama fiye da abin da za ka ƙarar cikin minti goma, kuma in ya fara kamawa kada ka ƙara ruwa, domin zai bushe yana marmashewa.

Kafin ka zuba ƙasa ka fente ko'ina da launin ƙasa, don kada fari ya leƙo. Ƙasar a shanya ta sosai ko a soya ta a tsohuwar tukunya, a tankaɗe da rariya, a barbaɗa a kan gam. Ka zaɓi lokaci guda ka tsaya a kai: ko damina, ko kaka da ciyawa ta yi ruwan ɗorawa. Garin katako da aka rina yana ba da ciyawa, yankakkiyar igiyar rama kuma gamba. Bishiyar kuka ba ta da wuya, a murɗe wayoyin tagulla su yi gindi mai kauri, a ware rassa, a shafe da POP. In jirgi zai hau tudun, kada hawan ya wuce santimita 2 a kowace mita.

Tambaya: Tun da na zuba yashi a dogo jirgina yake tsayawa, yanzu da hunturu ya shigo kuma har kaucewa yake yi. Daga Barnawa.

Amsa: Matsala biyu ce. Tsayawa daga gam ne da ya bushe a kan ƙarfen ya hana wuta kaiwa ga ƙafafun jirgin. Goge saman dogon da tsumma mai ɗan sifirit, ban da sanfefa, don ƙarzar da take bari tana tara datti. Ka kuma duba ƙarƙashin kan jirgin: yashin rafi yana ɗauke da baƙin gari da maganaɗisun injin ke janyowa. Nan gaba ka bi yashin da maganaɗisun tsohuwar lasifika kafin ka zuba. Ka baje shi da buroshi kada ya haura saman katakan dogo, ka fesa ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke, sannan ka ɗiga da sirinji gam da aka tsinka da ruwa rabi da rabi. Gam kada ya kusanci wurin da dogo ke sauya hanya. A bar shi awa 24.

Kaucewar kuwa daga katakon teburin ne. Ya sha laima da damina, iskar hunturu ta tsotse shi ya tsuke, ƙarfe bai bi shi ba, sai dogon ya gantsare. Kwance mahaɗar da ta fi kusa da wurin, ka rage bakin ƙarfen kaɗan da zarto mai laushi, ka bar tazarar kaurin katin waya a kowace mahaɗa. Teburin a shafe shi da banish sama da ƙasa har gefuna, a nisanta ƙafafunsa da bango saboda gara, a riƙa lulluɓe shi da zane har ƙura ta wuce.