Amsa kan iskar da ake kashe ƙwayoyin cuta a kayan asibiti da ita

Ɗan uwa ka tambaya me ya sa Amurkawa ke ta hayaniya a kan ethylene oxide, kuma tunda tana da illa me ya hana a daina aiki da ita. To iska ce da ake turara kayan asibiti da ita ta kashe ƙwayoyin cuta, ka ɗauko sirinji sabo a kemis ka duba bayan ledarsa, in ka ga STERILE EO to ita ce, in R ka gani to da radiyeshin aka yi, irin su hasken gama mai ratsa kaya ya kashe ƙwayoyin cuta.

Illar tana kan ma'aikatan masana'antar da ake turara kayan ne da maƙwabtansu masu shaƙarta shekara da shekaru, don tana jawo kansa, shi ya sa mutanen Willowbrook a jihar Illinois suka tada ƙayar baya har aka rufe masana'antar garin a 2019.

Amma fa dainawa ba nan kusa ba wallahi, kusan rabin kayan da ake tsarkakewa a Amurka da ita ake yi. Sauran hanyoyin kowace da matsalarta: tururin otokilef, wato tukunyar da ake turara kayan asibiti da tururin ruwa, zafinsa ya kai digiri 121, ka sa robar ƙarin ruwa a ciki ai sai ta lanƙwashe, hasken gama kuma yana sa wasu robobin su yi rawaya su riƙa karyewa. Ita kuwa EO har cikin kwali take ratsawa. A Janairun 2024 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da tururin sinadarin hydrogen peroxide a matsayin tabbatacciyar hanyar kashe ƙwayoyin cuta, sai dai shi ba ya shiri da takarda da kwali, tsotse shi suke yi.