Ɗalibi a Jamus: hukuncin ɗanɗana giyar sha'ir, taya dafa ta da zama a mashaya

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗalibi ne a birnin Munich na ƙasar Jamus, ina karanta kimiyyar sarrafa abinci. Mu uku ne a gida, kicin ɗinmu ɗaya. Sauran biyun ba Musulmi ba ne, kuma suna dafa giyarsu da kansu don sha'awa, ba sa sayarwa. Wani lokaci sukan ce in duba musu zafin tukunya ko in yi musu lissafin sukari, tunda fannina ne. Ranar Juma'a da yamma kuma 'yan ajinmu kan tafi wata ƙaramar mashaya inda ake jero giya kala biyar ko shida a 'yan ƙananan kofuna bisa katako, kowa ya kurɓa ya faɗi abin da ya ji. Sun ce ɗanɗano ake bi, ba wanda ya zo don maye. Shin zan iya taɓawa a harshe in tofar? Zan iya taya su dafawa in ba zan sha ba? Zan iya zama da su ina shan lemo? Mene ne kuma hukuncin wadda aka rubuta ba ta da sinadarin maye? Wallahi Malam, kaɗaici ya yi mini yawa.

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka ɗana, da ka tsaya ka tambaya tun kafin ka kai kofi baki.

Mu fara da abin da ke cikin tukunyar. Ana jiƙa sha'ir ya yi tsiro, a shanya, a ɓarza, a zuba a ruwa mai zafin kusan digiri 65 har sitacinsa ya koma sukari. Sai a tace, a tafasa kamar awa guda tare da furen nan mai ɗaci da suke kira hof, a bari ya huce, a zuba yis, a rufe mako ɗaya ko biyu. Yis ya cinye sukarin, ya bar kumfa da sinadarin maye. Duk wanda ya san yadda ake burukutu da tsiron dawa zai gane hanyar nan take, hatsin ne ya bambanta da tsabtar kayan aiki. Giyar kanti takan ɗauki kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari na sinadarin, ta masu ƙananan madafa kuwa wata takan kai 8, wata ta haura 10. Mutanen Bavaria, jihar da Munich take, suna alfahari da dokarsu ta 1516 wadda ta ce kada a sa komai a giya sai ruwa da sha'ir da hof, suna kiranta dokar tsarki. Wannan tsarkin kayan haɗi suke nufi. Shari'a kuma tambaya ɗaya take yi: yana sa maye?

Haka Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya tambayi Dailamul Himyari. Abu Dawud ya ruwaito cewa Dailam ya ce da shi ƙasarsu akwai sanyi, aikinsu mai wahala ne, suna yin wani abin sha da alkama don su samu ƙarfi kan aikin da kan sanyin. Annabi ya ce, yana sa maye? Ya ce e. Ya ce, to ku nisance shi. Dubi yadda uzurin ya yi kama da na ƙasar da kake: ga sanyi, ga hatsi, ga al'adar gari, kuma babu wanda ya ambaci neman buguwa. Duk da haka ba a yi musu rangwame ba. Abu Musal Ash'ari ma da aka tura shi Yaman ya yi tambaya kan abin sha biyu, ɗaya na zuma ɗaya na sha'ir, amsar da ta zo a Bukhari da Muslim ita ce duk mai sa maye haramun ne. Sayyidina Umar kuma ya faɗa a kan mumbari cewa haramcin giya ya sauka ana yin ta da abu biyar: inabi, dabino, zuma, alkama da sha'ir, giya kuwa ita ce abin da ya rufe hankali.

Mai yiwuwa wani ya kawo maka cewa an ruwaito daga Abu Hanifa da Abu Yusuf sassauci kan abin da aka yi da hatsi in bai kai ga buguwa ba. An ruwaito. Amma ɗalibin Abu Hanifa, Muhammadu ɗan Hasan Ash-Shaibani, ya saɓa musu, kuma a kan maganarsa Hanafawan baya suke ba da fatawa. Mu da muka tashi da Risala mun haddace tun muna yara cewa duk abin shan da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa haramun ne, wanda lafazin hadisin Jabir ne a wajen Abu Dawud da Tirmizi. Don haka ƙanƙantar kofin nan ba ta canza komai.

Taɓawa a harshe a tofar ma ban halatta maka ba. Aya ta 90 cikin suratul Ma'ida cewa ta yi «fajtanibuhu», ku nisance shi, kuma wanda ya sa abu a bakinsa bai nisance shi ba. Ga shi a wajen mafi yawan malamai, har da Malikawa, giya najasa ce, ba a sa ta a baki da gangan. Sannan ka lura da abokan naka da kyau, masu ɗanɗanon giyar sha'ir haɗiyewa suke yi, don wani ɓangare na ɗanɗanon da suke nema sai an haɗiye yake bayyana. In ka fara da tofarwa, makon gaba za a ce maka ai ba ka ji komai ba tukuna.

Batun taya su dafawa shi ya fi damuna, domin a nan ne mutumin kirki yake faɗawa yana ganin zumunci yake yi. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Anas cewa Annabi ya la'anci mutum goma a kan giya: mai matse ta, wanda aka matsa wa, mai shan ta, mai ɗaukar ta, wanda aka kai wa, mai shayar da ita, mai sayarwa, mai cin kuɗinta, mai saye da wanda aka saya wa. Ƙirga ka gani, mai sha ɗaya ne tak a cikin goman. Wanda ya riƙe ma'aunin zafi a kan tukunyar da kowa ya san giya za ta zama, ko ya lissafa sukarin da yis zai ci, yana sahun mai matsewa, ko da ɗigo bai shiga bakinsa ba. Cewa ba sayarwa ake ba, hadisin ya ambaci mai matsewa daban da mai sayarwa. Ka gaya musu sau ɗaya, da sakin fuska, cewa addininka ya hana ka sa hannu, kuma kana nan a shirye don duk wani taimako da ba wannan ba.

Zama a gidan bai zama laifi a kanka ba, kuma ban ce sai ka tashi ba, musamman a garin da samun ɗaki yake da wuya. Ka ware tukunyarka da kofinka in da hali. In ka rasa sai nasu, wanke da ruwa ka yi amfani da shi, kamar yadda Annabi ya umarci Abu Sa'alabatal Khushani game da kwanonin Ahlul Kitabi.

Mashaya kuwa, kada ka je. Hadisin Jabir a wajen Tirmizi ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Wurin da ka kwatanta don giyar aka buɗe shi, don ita aka taru, hirar ma a kanta ake yi, kofin lemonka ba zai fitar da kai daga majalisin ba. Gidan abinci da ake sayar da giya a gefe hukuncinsa ya fi sauƙi ga mazaunin irin ƙasarku, inda da ƙyar za ka samu wanda babu ita, matuƙar ba a teburinka take ba. In taron dole ne na makaranta ko wurin aiki wanda rashin zuwanka zai cutar da kai, ka halarci abin da ya zama dole, ka tashi idan aka koma shaye-shaye.

Wadda aka ce ba ta da sinadarin maye tana buƙatar rarrabewa. A Jamus ana yarda a rubuta haka ko da akwai har rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Iri biyu ce: wata ana tsayar da yis tun bai yi nisa ba, wata kuma sai ta gama zama giya sannan a zare sinadarin da inji. Malaman zamani sun saɓa. Wasu sun duba cewa komai yawan da aka sha ba ta bugarwa, suka halatta. Wasu suka hana ta biyun, domin sai da aka yi giya da gangan, alhali Muslim ya ruwaito an tambayi Annabi a mayar da giya khal, wato binega, ya ce a'a. Ni abin da nake ba ka shi ne ka bar ta biyun, ka kuma bar duk wadda ba ka san yadda aka yi ta ba. Lemon malt da yis bai taɓa ba, irin Maltina da ka sani a gida, halal ne ba tare da shakka ba, kuma akwai irinsa a kantunan can.

Karatunka halal ne, har darasin yadda yis yake aiki, don da shi ake burodi, da ƙwayoyin bakteriya kuma ake kindirmo da daddawa. In sha'awar dafa wani abu ce ta kama ka, jiƙa gero ka dama kunun zaki, ko ka dafa zoɓo da citta da kanumfari, ka kira su ranar Asabar. Kaɗaicin da ka ambata gaskiya ne kuma ban raina shi ba, shi ya sa nake son gayyatar ta riƙa fitowa daga wajenka. Sai dai ka kiyaye haddin da Ibnu Abbas ya ruwaito a Muslim: ana jiƙa wa Annabi zabibi, ya sha a ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage a shayar ko a zubar. Tsami kaɗai ba ya haramta kunu. Amma in ka buɗe gorar ta yi tsit da iska, kumfa ta taso, warin ya juya, zubar da shi.

Wallahu a'alamu.