Zuma da dabino za su iya maye gurbin sukari a mafin da basbusa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni mazauniyar Makka ce, wajen Shara Mansur. Duk Alhamis nakan gasa mafin (ƙananan kek) da basbusa (kek ɗin Larabawa da ake jiƙawa da ruwan sukari) saboda yara da baƙi. Kwanan nan likita ya ce sugan maigidana ya fara hawa, kuma ya kamata ya rage ƙiba. Maƙwabciyata ta ce in daina sa sukari, in koma zuma da dabino, shi kenan. Haka ne? Kuma kalori nawa ke cikin mafin ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Bari mu shiga kicin ɗinki mu yi lissafi, don a nan amsar take.

Ɗauki haɗin da aka saba yi na mafin 12: fulawa kofi biyu, sukari kofi ɗaya, mai rabin kofi, ƙwai biyu, madara kofi ɗaya. Fulawar tana da kalori wajen 900, sukarin wajen 770, ƙwai da madara kusan 300. Man nan da kike tsiyayawa ba ki ko kallon sa, rabin kofin kawai ya kai 960, ya fi sukarin da kowa ke zargi. Dalili kuwa, giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sukari 4. Idan an raba, kowane mafin ya tashi a wajen 245. Manyan nan na shagunan gahawa, masu cakulan a ka, suna kai wa 400 har su wuce. Tun 2019 hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta wajabta wa gidajen abinci rubuta kalori a jerin abincinsu, sai ki riƙa leƙa lambar kafin ki biya.

Maganar zuma kuwa, maƙwabciyarki da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ban yarda da ita ba. Babban cokali na zuma kalori 64 ne, na sukari 48, kuma duk biyun suna ɗaga sugan jini. Dabino ya fi su, domin yana da harza da ke rage saurin shigar zaƙi cikin jini, ga sinadarin fotasiyam. Duk da haka giram 100 na dabino ya kusa kalori 280. Ƙwaya uku da gahawa daban, kwaɓa rabin kilo cikin ma'amul (biskit mai dabino a ciki) daban. Abin da ke damuna shi ne, da zarar an ce "na zuma ne", sai hankali ya kwanta a ci biyu inda da ɗaya ake ci.

Ga abin da nake so ki gwada ranar Alhamis mai zuwa. Ki raba man nan biyu, ki cike gurbin rabin da zabadi (yogot) marar zaƙi ko ayaba nunanniya da aka dama, irin wadda bayanta ya fara baƙi. Sukari ki sa kashi biyu cikin uku na kofi. Kada ki cire shi gaba ɗaya, don shi ke riƙe laushin mafin ya kuma ba shi launin nan mai ja-ja. In babu shi sai ya fito fari fat, ya bushe kafin gari ya waye. Ki ƙara hel (cardamom) ko kirfa, ƙamshinsu yana sa harshe ya ji kamar zaƙin bai ragu ba. Da wannan kaɗai kin zubar da kalori kusan 700 daga kwanon, kowane mafin ya sauko wajen 185. Rabin fulawar kuma ki musanya da garin alkama da ba a cire dusarsa ba, wanda ake kira burr a baƙala (shagon kayan masarufi). Kalorinsa kusan ɗaya ne da na farar fulawa, sai dai ya fi riƙe ciki. In kika sa shi zalla mafin zai yi nauyi, yara su ture.

Basbusa ita ce ta fi ba ni tsoro a kan maigida, saboda shira, wato dafaffen ruwan sukari. Sau da yawa sukarin da ke cikin ruwan da ake kwararawa a kai ya fi wanda ke cikin ƙullun, ga samna, wato man shanu. Ki dafa rabin shirar da kika saba, ki zuba tun tiren yana da zafi don ta ratsa ko'ina, sannan ki yanka ƙanana. Haka kunafa da luƙaimat, su ma kayan zaƙi ne da ake zuba wa shira.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci, har da zuma da ruwan 'ya'yan itace, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini. Ga babban mutum hakan wajen giram 50 ne, kimanin ƙananan cokula 12, kuma shayin safe da na bayan Magariba suna cikin lissafin. Saboda haka in zai ci mafin, ya ci ɗaya bayan abinci, da shayi ba sukari. In kuna da na'urar gwajin suga a gida, ya gwada bayan awa biyu, ya rubuta lambar ya nuna wa likitansa.