Kwana biyu zamu yi a Jidda bayan Umara, ina ya kamata mu je?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, dan Allah shawara nake nema. Zamu tafi Umara ni da maigidana da mahaifiyata insha Allahu, kuma yadda tikitinmu yake sai munyi kwana biyu a Jidda kafin jirgi ya tashi. Ban taɓa zuwa ba, duk wanda na tambaya sai yace min ai kasuwa ce kawai a garin. Ni kuma inaso inga gari, in ɗan yi tsaraba irin su zinare da abaya da turare, mu kuma ci abinci mai daɗi. Sai dai Mama na fama da ciwon ƙafa bata iya doguwar tafiya. Ta ina zamu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kaiku lafiya ya karɓi ibada, ya kuma ƙara wa Mama lafiya.

Masu ce miki kasuwa ce kawai a Jidda gaskiya basu ga garin ba, daga otal sai shago, daga shago sai filin jirgi. Abu na farko da zaki riƙe shine Jidda garin dare ne. Tana bakin Bahar Maliya, zafinta haɗe yake da danshin teku, irin wanda daga fitowa mota kafin ki kai ƙofar shago kin jiƙe sharkaf, shi yasa mutanen garin basa fitowa sosai sai bayan la'asar, kuma ƙarfe goma sha ɗaya na dare zaki ga iyali da yara ƙanana suna shan iska. Idan kika fita ƙarfe goma sha biyu na rana da Mama wai zaku zaga gari, zaku tarar da rabin shaguna a rufe ku dawo a galabaice. Sai dai in tafiyar ta faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin garin yana da sauƙi sosai. Ki bar rana ta zama ta hutu da shirya kaya, yamma da dare na fita.

Yammacin farko ki bai wa Balad, wato tsohon garin. Wallahi ko ba inda zaku je sai nan, ya isa. Tun zamanin Sayyidina Usman bin Affan, a shekara ta 26 bayan hijira, aka mayar da Jidda tashar jirgin ruwa ta Makka, kinga kenan sama da shekara dubu alhazai daga ko'ina ta nan suke sauka su kama hanyar Makka. A da garin a cikin ganuwa yake, a 1947 aka rushe ta, a 2014 kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka unguwar cikin wuraren tarihi na duniya. Gidajen dogaye ne, wani hawa huɗu wani biyar, da dutsen murjani da ake samowa a bakin teku aka gina su, ana jera katako a tsakanin duwatsun dan ya riƙe ginin. Abin da zai fara ɗaukar idonki shine tagogin katakon nan da suka turo waje, masu ƙananan ɓuli-ɓuli, sunansu rawashin. Ki tsaya a ƙarƙashin guda ɗaya ki ɗaga kai ki kalli sassaƙar da kyau, iska na shiga rana bata shiga, matan gida suna ganin mai wucewa shi kuma baya ganinsu, duk tun kafin a san wani abu wai shi AC.

A cikinsu ki nemi Baitu Nasif, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881, nan Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shigo Jidda a 1925. Matattakalar gidan faɗi gareta kuma a kwance take, har ana cewa raƙumi na hawa da kaya zuwa sama. A ƙofar gidan akwai tsohuwar bishiyar darbejiya, mutanen da suna kiransa gidan mai bishiya saboda ƙarancin itatuwa a garin lokacin. Ni duk zuwan da nayi sai na tsaya a inuwarta, akwai wurin zama a kusa, nan ya dace Mama ta huta ku kuma ku leƙa lunguna. Daga nan ba nisa zuwa masallacin Shafi'i, ɗaya daga cikin mafi tsufa a garin, kuyi magariba a can. Amma fa Balad da ƙafa ake zagata, mota bata shiga lungunan, dan haka in kuna da keken da kuka tura Mama a ɗawafi kar ki barshi a otal.

Zaki ji wasu suna cewa a kaiku kabarin Nana Hauwa'u. Eh akwai maƙabarta kusa da Balad da ake kira da sunanta, har wasu na cewa sunan garin daga kalmar jadda yake wato kaka, shi yasa ma ake yi wa mai suna Hauwa laƙabi da Jidda. Amma labari ne na baka, babu wani ingantaccen nassi a kai, kuma babu wani gini da zaki gani a ciki, kar direba ya karɓi kuɗinki a kan wannan.

Tsarabarki ma yawanci a Balad ɗin zaki gama ta. Kasuwar Alawi ita ce ta ratsa tsakiyar unguwar, akwai turare, kayan ƙamshi, dabino, carbi, sallaya, yadi, sai Titin Gabil da kasuwar Nada inda masu zinare suke. Maganar zinare bari in ɗan tsaya a kai dan nan ne baƙi suka fi yin asara. Kuɗin sarƙa kashi biyu ne, akwai kuɗin giram na ranar wanda kusan ɗaya ne a ko'ina kuma zaki iya dubawa a wayarki kafin ki shiga, sai kuɗin ƙira da suke kira masna'iyya, to wannan na biyun shi ake ciniki a kai. Ki fara tambayar nawa ne giram yau, sannan nawa ne masna'iyya a kowane giram, kar ki yarda a faɗa miki kuɗi a dunƙule. A ɗora a sikeli kina kallo, ki juya sarƙar ki nemi hatimi, mai karat 21 zaki ga an buga 21 ko 875, mai 18 kuma 750. Ki guji mai duwatsu da yawa in dai ajiya kike so, saboda da dutsen za'a auna miki a kuɗin zinare, ranar da kika tashi sayarwa kuma a cire nauyinsa. Ki karɓi rasit mai ɗauke da nauyi da karat, kuma ki sani akwai harajin kashi 15 cikin 100 a kan kaya a Saudiyya tun 2020, ki tambaya ko yana cikin kuɗin da aka faɗa miki. Lissafin Riyal bashi da wuya, Riyal 3.75 shine dala ɗaya kuma baya motsi.

Turaren oud kuma kar ki saya da ido, kice a ɗora miki ɗan guntu a garwashi, mai kyau ƙamshinsa a hankali yake tashi ya daɗe, na banza da an ɗora sai ƙaurin itace. Abaya ki leƙa kasuwar Mahmud Sa'id, akwai zaɓi sosai. In kuma zafi ya hanaku sakat da rana to ku shiga manyan rukunin shaguna irin su Red Sea Mall ko Mall of Arabia, akwai sanyi da masallaci da wurin zama, sai dai can babu ciniki. Dabinon ajwa in zaku Madina ki saya a can.

Yammaci na biyu na teku ne. Kornish doguwar hanya ce a bakin ruwa, wajen kilomita 30, kar kuce zaku taka ta. Ku kira Uber ko Careem ku fara da masallacin Rahma da ke arewa, an gina shi a kan ginshiƙai cikin ruwa, idan teku ta cika sai kiga kamar yawo yake a kai, ku isa kafin rana ta faɗi dan a cikin tekun take faɗuwa kuna kallo. Bayan isha'i ku gangaro wajen unguwar Hamra ku shimfiɗa darduma ku kalli maɓuɓɓugar Sarki Fahad, tun 1985 take harba ruwan teku sama wajen mita 300, da dare an haska ta da fitilu. Wannan Mama zata ji daɗinsa dan a zaune ake kallo. A kula da ɗaukar hoto, doka ta hana ɗaukar mutane ba da izininsu ba, musamman mata da iyali.

Abinci kuma dan Allah kar ku ƙare a shinkafa da kaza na ƙasan otal, kun zo bakin teku kuci kifi. Da sassafe maigida ya je babbar kasuwar kifi da ake kira Bangala, zai ga kifaye irin su najil mai jan jiki da hamur, ga kuma jatan lande a jere kan ƙanƙara, ya zaɓa a auna, akwai masu gyarawa a gefe, akwai kuma inda za'a gasa ko a soya masa nan take. Ƙasan wurin a jiƙe yake da santsi, Mama ta zauna a otal a kawo mata. In baku son wannan wahalar ku shiga gidan abincin kifi kuce sayadiyya, shinkafa ce da aka dafa da soyayyiyar albasa har tayi ruwan ƙasa, a ɗora kifi a kai. Karin safe ku nemi ful da tamis, wake ne da aka dafa ya yi lugub da burodi mai faɗi da ake cirowa daga tanda da zafinsa, ko ma'asub na ayaba da burodi da zuma. Ga Mama nafi so ki nemo mata salig, shinkafa ce da ake dafawa da romo da madara ta yi laushi, bata wahalar tauna. Albaik kuwa, gidan soyayyiyar kazar nan, nasan ko ban faɗa ba zaku je, a Jidda aka fara shi a 1974, kuje da rana kafin layi ya yi tsawo.

Idan ɗaya daga cikin kwanakin ya faɗo Juma'a, ki ɗauka babu kasuwa sai bayan an sauko daga masallaci, wasu ma sai la'asar, sai ki gama zinare da abaya a ɗaya ranar da ba Juma'a ba. Ki sayi ɗan ƙaramin sikelin hannu ki auna jakunkuna a otal, ki duba kilo nawa tikitinku ya baku, na sha ganin mata sun baje akwati a tsakiyar filin jirgi suna rarraba dabino da sallaya ga jirgi na shirin tashi, abin ba daɗi. Zamzam kar ki cusa a akwati, a filin jirgi ake sayen mai lita 5 da aka naɗe dan jirgi. Sannan filin jirgin Sarki Abdul'aziz tashoshinsa da yawa kuma nesa suke da juna, ki duba takardarku ki tabbatar wacce jirginku zai tashi kafin ku hau mota, ki nemi kamfanin jirgin su tanadar wa Mama keke tun kwana biyu kafin ranar.