Zaman Di'o a barikin kan dutse

Tambaya: Malam, kakanmu ya yi aikin kuku a gidan wani Di'o, wato Baturen mulkin mallaka mai kula da gunduma, a Pankshin, kuma yakan ce Turawan nan sun sha wuya. Ni kuwa na ɗauka daula kawai suka ci. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Allah Ya ba kakanku lada, bai faɗi ƙarya ba. Kai ma ba ka yi kuskure ba, sai dai Jos kake hange, shi kuma barikin daji ya zauna. Jos ta samu jirgin ƙasa daga Zariya tun 1914 saboda kuza, ga sanyin tudu mai tsayin wajen mita 1,200, ga kulob, ga masaukin Hill Station inda ma'aikata ke zuwa shan iska. A 1926 ta zama hedikwatar Lardin Filato. Wannan kam daula ce.

Pankshin da ire-irenta, balle tsaunin Mambila da sai an hau da ƙafa, wani labari ne. A farkon zamanin gidan Di'o na ƙasa ne da jinkar ciyawa, gara na cin azara, fitilar kananzir, wanka a bahon tamfol. Kullum sai ya haɗiyi kwinin ya kwana cikin gidan sauro, domin sanyin dutse bai hana zazzaɓi ba, tunda rabin aikinsa rangadi ne a kwari: ƙidayar haraji, jangali, rikicin iyakar gona. Zazzaɓin baƙin fitsari ya kashe da dama, likita kuwa yana nisan kwanaki.

Abin da na fi yarda ya ci su shi ne kaɗaici. Ƙaramin ma'aikaci ba ya kawo matarsa sai da izini, wasiƙa daga Ingila takan yi makonni, kuma tsarin mulkin ya ware mazaunin Turawa daga na 'yan ƙasa da filin yadi 440 a garuruwa, wai don tsoron sauro. Sun killace kansu da hannunsu. Wasu suka faɗa wa kwalba, wasu suka duƙufa kan Hausa, wadda dama sai an ci jarrabawarta ake samun ci gaba a aiki.

Amma ka tambayi kakanku, in yana raye, wa ya ɗauki wannan bahon da akwatunan gwangwani ya hau da su dutse. 'Yan dako ne, kowanne da kaya mai nauyin wajen laba 60 a ka, galibi dagaci ne ya tsamo su bisa umarni, wani lokaci ana tsakiyar aikin gona. Shi kuku yakan riga kowa tashi ya wuce zango na gaba, don Bature ya iske abinci da ruwan zafi. Bayan shekara ɗaya ko ɗaya da rabi Di'o ya hau jirgin ruwa ya tafi hutu gida da albashinsa, wani sabo ya zo, a sake aika wa dagaci ya kawo mutane.